Ɗigo a Ƙarƙashin Motar Mama

Mai faci ya ce idan ka gaishe shi da safe, sai bayan azahar amsar take isowa. Mai walda ya ce sharri ne, yana amsawa, da gira ne kawai. Matar da ke sayar da ruwan sanyi a bakin garejin kuwa cewa ta yi shekara shida tana ganinsa ba ta taɓa jin ya yi wa mai mota ƙarya ba, sai dai kuma wanda ba ya magana ina zai samu bakin ƙarya? Malam Shiru suke ce masa. Abu ɗaya ne duk suka haɗu a kai: motar da ta fita daga hannunsa ba ta dawowa da ciwon da ta zo da shi.

Duk wannan Auta ta ji shi cikin minti goma, tana zaune a kan benci tana jiran ya fito daga ƙarƙashin wata mota. Ba ta tambaye su ba, ba ta kuma yi dariya ba. Tun da Mama ta rasu, wata goma ke nan, komai daga nesa yake zuwar mata, kamar rediyon maƙwabta. Ta je aiki ɗakin gwajin jini, ta dawo, ta dafa wa Baba abinci, ta kwanta. Kuka ma bai zo ba. Tsohuwar jar motar Mama ce kawai take yin kukan a madadinta, kullum in ta juya sitiyari.

Da ya fito, dogo ne siriri, yana goge hannu da tsumma. Ya dubi motar kafin ya dube ta.

"Me take yi?"

"Kuka. Sitiyarin kuma ya yi tauri kamar ina murɗa itace. Da safe ina tarar da jan mai a ƙasa."

Ya ɗaga bonet, ya buɗe kofin man sitiyari ya leƙa. Man ya yi ƙasa, abin da ya rage duk kumfa ne. Ya wanke famfon sitiyarin da tiyon da ke jikinsa tas, ya busar da su da iska, sannan ya zaro wata 'yar roba daga aljihu. Hodar jarirai ce.

"To, yau ma za a yi wa amarya kwalliya," in ji mai walda.

Ya barbaɗe wurin har ya yi fari fat, ya cika kofin da mai, ya ce ta tada injin.

"Juya dama har ƙarshe. Yanzu hagu. Sake." Da ta fito ta tsaya kusa da shi, sai ya ce, "Man mota maƙaryaci ne, Malama. Inda kika gan shi ba nan ya fito ba, belet ne yake watsa shi ko'ina. Hoda ce take tona masa asiri."

"Jama'a ku rubuta ranar nan!" Mai faci ya ɗaga murya. "Ya yi magana har numfashi uku!"

Ta bi yatsansa da kallo. Tiyon a bushe yake. Daga bayan fuli, faifan nan da belet ke juyawa, wani siririn jan layi yana gangarowa cikin farar hodar a hankali.

"Sil ne. Robar da ke tare mai a bakin famfo. Ta tsufa."

Ta zauna ta ga aikin daga farko har ƙarshe. Ya sassauta belet, ya zare fuli, ya ɓanɓaro tsohuwar robar ya jefar, ya zaunar da sabuwa da 'yar guduma kamar mai tsoron tada barci. Ya zubar da tsohon man, ya zuba sabo, ya ɗaga gaban motar da jak, ya dinga juya sitiyari dama da hagu har kumfa ta daina tasowa. Awa biyu bai ce mata komai ba. Sai a hanyar gida ta lura cewa a wata goman nan, shi ne mutum na farko da ya zauna kusa da ita bai ce ta yi haƙuri ba.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarta.

"Salam. Mai gyaran mota ne. Ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta kwana uku. In kin ga ɗigo ki gaya mini."

Bayan kwana uku ta rubuta: "Kwali a bushe. Na gode, Injiniya."

"Ni ba injiniya ba ne, Likita."

"Ni ma ba likita ba ce."

"To mun yi kunnen doki."

Ta daɗe tana kallon wayar. Wani abu ya ɗan motsa a gefen bakinta, ya koma.

Daga nan ta fara biyowa ta garejin in ta tashi aiki. Yau iskar taya, gobe fitilar baya, jibi ba dalili. Ya sa aka ja bencin zuwa inuwa. Mai ruwan sanyi ta daina tambayarta me za ta sha. Takan zauna, shi yana aiki, wani lokaci su yi awa guda maganarsu ba ta wuce "miƙo mini sifana goma sha biyu" ba. A waya ne bakinsa yake buɗewa.

"Likitata, yau ba ki zo ba. Mai faci ya ce na ɗaure ƙusa ɗaya sau uku."

"Aiki ya yi yawa. Ka ci abinci?"

"Na ci. Ke fa? Kada ki ce mini shayi."

"Shayi."

"Zan zo in ga Baba, in kin yarda. Ban iya zagaye-zagaye ba. Ina sonki, da aure."

Ta karanta sau huɗu. Ta laluba zuciyarta ta ji ko za ta buga da ƙarfi kamar yadda ake faɗa. Ba ta buga ba. Amma ta ji kamar an ajiye wani kaya da ta daɗe da ɗauka a ka.

"Ka zo, Shiruna. Amma ka taho da baki."

Baba direban manyan motoci ne da ya yi shekara arba'in a kan hanya bai taɓa kwantar da mota ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar zai ji wannan. Tun da ya ajiye tuƙi ba ya fita sosai. Aikinsa ɗaya: kullum da sassafe, kafin Auta ta fito, ya buɗe bonet ɗin motar Mama ya duba ruwa da mai. Ya karɓi Shiru a falo, ya yi masa tambayoyi kan injin, ya ji amsoshi gajeru kuma daidai.

"Ba laifi," ya ce bayan ya tafi. "Bari mu ga aikinsa. Hannun mutum shi ne shaidarsa."

Sati biyar da gyaran, motar ta soma kuka.

Wannan karon da Shiru ya ciro robar bai jefar ba. Ya matsa ta da yatsa, ta lotsa kamar danƙo. Ya shafa fentin da ke gefen kofin man, inda ya ɗan tattashi.

"Wa yake duba miki mai?"

"Baba. Kullum da safe. Me ya faru?"

Ya sa robar a wani gwangwani, ya wanke hanyar man gaba ɗaya har sau biyu, ya sa sabon sil. Da ya gama, ya ɗaure murfin kofin da siririyar waya, ya ɗauko sabuwar robar man sitiyari ya naɗe wuyanta da igiya mai kaushi.

"Ki ce wa Baba ba ta buƙatar ƙari. In kuma dole ne, wannan zai zuba. Mai igiyar."

Ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta. Baba ya ajiye kofin shayinsa.

"Ni zai ɗaure wa murfi? Ina riƙe da sitiyari tun uwarsa ba ta yi wayo ba. Ya kasa aiki, shi ne zai koya mini duba mai?"

Washegari ta tarar da wayar a yanke a ƙasa, robar mai igiya kuma an cilla ta bayan ƙofa.

Karo na uku a shataletale abin ya same ta, da rana tsaka. Ta karya kwana sitiyarin ya ƙi, ya sandare a hannunta. Ta danna da dukkan ƙarfinta, motar ta hau dakalin gefen titi ta tsaya, taku biyu tsakaninta da wata mata mai goyo. Mutane suka taru suna salati. Ita dai tana zaune tana kallon hannayenta, tana jiran tsoro ya zo. Bai zo ba.

Ranar da yamma aka yi zama a falo. Ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ga ɗanta mai sayar da motoci, wanda tun kafin rasuwar Mama yake aiko wa Auta turare tana ba maƙwabta. Aka kira Shiru. Ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya zauna a ƙasa.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji ɗan Gwaggo yana kaɗa makullin mota, "amma sana'ar nan na santa. Akwai mai gyara ya bar ƙofa a buɗe don mai mota ta dawo. Balle mai mota irin ƙanwata."

"Yo ai ta dawo ɗin," in ji Gwaggo. "Saura kaɗan a dawo mana da ita a makara."

Baba ya juya fuskarsa wajen da Shiru yake.

"Kai yaro, sau uku. Roba ɗaya, sau uku. Ko dai ba ka iya ba, ko da gangan kake yi. Zaɓi ɗaya."

Shiru ya ɗaga kai ya dubi tsohon, ya dubi Gwaggo da ɗanta, ya mayar da kai ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ba ni da abin cewa."

"To ni ina da shi. Wanda ya kasa tare ɗigon mai ba zai riƙe mini 'ya ba. Ka tashi. Kada in ƙara jin ƙafarka a gidan nan."

Auta ta bi shi har bakin ƙofa.

"Gaskiya ne abin da ya faɗa?"

"A'a."

"To mene ne?"

Shiru.

"Na ce ka taho da baki," ta ce, muryarta a kwance kamar mai karanta sakamakon gwaji. "Ka ga ranar da ya kamata."

Saƙonsa ya shigo kafin ta koma ciki: "Don Allah kada ki tuƙa ta. Ki hau ta haya. Wannan kawai nake roƙo."

Ta goge sunan da ta sa masa a waya, ta bar lambar tsirara.

Ɗan Gwaggo ya aiko aka ja motar. Bayan kwana biyu ta dawo da sabon famfo dal, da sabon tiyo, har da turaren mota a rataye. Ya tsaya a tsakar gida yana bayani da ƙarfi cewa aikin manya daban ne. Gwaggo ta fara zancen cewa gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, a ba ɗanta Auta kawai. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Auta kuwa da aka tambaye ta, ta ce duk yadda suka gani. Da gaske take, don a lokacin da wannan da wancan duk ɗaya ne a wajenta.

Sati uku haka. Ta bi ta wata hanya don kada ta wuce garejin.

Ran nan aka sauya mata aiki zuwa na sassafe, ta fito tun rana ba ta gama ɗagowa ba, takalmi a hannu. A bakin ƙofa ta tsaya.

Baba yana gaban motar, bonet a ɗage. Ta ga yana shafa injin da tafin hannu, yana bin tiyo da yatsu har ya kai ga kofin man sitiyari. Ya buɗe, ya zaro ma'aunin da ke jikin murfin, ya kai shi daf da idonsa, ya juya shi ga haske, ya sake juyawa. Sai ya girgiza kai kamar mai cewa ƙari ba ya ɓata komai. Ya juya ga kantar da ke jikin bango, ya lalubi robobin da ke jere, ya ɗauki ɗaya, ya auna nauyinta a hannu, ya tsiyaya. Rabi a kofin, rabi a kan fenti.

Daga inda take tana iya karanta rubutun jikin robar. Man birki ne.

Ya rufe, ya nemi inda zai mayar da robar, hannunsa ya wuce kantar ya daki bango.

Sai ta tuna. Shekaru biyun ƙarshe, Mama ce take fitowa tare da shi kullum da safe, tana riƙe da robobin, tana miƙa masa tana cewa, "Ga na sitiyari, Direba. Ga na birki." Auta ta ɗauka soyayyar tsofaffi ce. Ta tuna jaridar da ya daina saya, ya ce duk ƙarya ce. Ta tuna yadda yake juya fuska wajen murya, ba wajen mutum ba.

Ta koma ciki a hankali, ta sake fitowa tana buga takalmi da ƙarfi.

"An duba miki ita," in ji Baba. "Komai daidai."

"Na gode, Baba. Yau ta haya zan hau, akwai cunkoso."

Da ta tashi aiki garejin ta nufa. Mai faci ya gan ta ya buɗe baki, mai ruwan sanyi ta harare shi ya rufe. Shiru ya rame. Bencin yana nan a inuwa.

"Man birki," ta ce.

Ya ajiye sifanar hannunsa. Ya shiga ciki ya fito da gwangwanin nan, da kofin ruwa, da wata 'yar kwalba.

"Wannan na tsiyayo daga motarki a karo na biyu." Ya ɗiga a ruwan. Wani sashe ya taso sama ja, wani ya narke ya bi ruwan ya yi fari-fari. "Man sitiyari ba ya haɗuwa da ruwa. Man birki yana haɗuwa. Shi ne yake kumbura roba, yake cin fenti. Ko sil ɗari aka sa, sai ya ci."

"Tun ranar ka sani."

"Ranar da na je gaishe shi na miƙa hannu, ya kama iska. Da na ga robar sai na haɗa."

"Shi ne ka yi shiru aka zage ka."

Ya zauna a ƙarshen bencin, ya bar tazara tsakaninsu.

"Garejin nan na mahaifina ne. Da hannunsa ya soma rawa, ya ɗaure wa wani taya bai ɗauru ba. Ina da shekara ashirin da biyu, ina ji da kaina. A gaban mai motar, a gaban su mai walda, na ce Baba ka tsufa, ka bar mana aikin. Gaskiya na faɗa. Ya wanke hannu ya tafi gida. Bai sake taka nan ba, bai sake kallona a ido ba, har ya rasu." Ya juya gwangwanin a hannunsa. "Da na ga Babanki a gaban ƙanwarsa da ɗanta, sai harshena ya ƙi."

"Su ba sai ka gaya musu ba. Ni fa? Ni ce a cikin motar. Da matar nan mai goyo fa?"

"Na ɗauka waya da igiya za su isa. Ba su isa ba. Tun ranar shataletale ban yi barcin kirki ba."

"Ka tsare mutuncin Baba, ka bar ni da sitiyari a hannu."

"Haka ne."

Bai kare kansa ba. Ita kuma sai ta ji wani zafi yana tasowa daga ƙirjinta, irin na ƙafar da ta daɗe a sage jini ya fara komawa. Haushi ne, haushinsa, da na Baba, da na Mama da ta tafi da sirrin ba ta bar mata ko kalma ba. Hawaye suka zo a kan bencin gareji, a gaban mai faci da mai walda, bayan shekara guda cur. Mai walda ya kunna injinsa da ƙarfi ba tare da yana da abin liƙawa ba, don kada a ji.

Shiru bai ce ta yi haƙuri ba. Ya miƙo mata tsumman da ya fi tsabta.

"Daga yau," ta ce tana share fuska, "ko me ka gani ka faɗa mini. Ko mai ɗaci ne."

"Ko mai ɗaci ne, Likitata."

Ba ta gaya wa Gwaggo ba. Ta jira sai da suka rage su biyu a falo, ta ɗauko robar daga kanta, ta durƙusa ta sa a hannun Baba.

"Baba, karanta mini abin da aka rubuta a nan."

"Ke ba ki da ido ne?"

"Ina da shi. Naka nake tambaya."

Ya riƙe robar. Ya kai ta kusa, ya nisanta ta.

"Na sitiyari ne," ya ce a hankali.

"Na birki ne, Baba."

Can ya ce, "Tun yaushe yaron nan ya sani?"

"Tun kafin ka kore shi."

"Kuma ya zauna a nan, a ƙasa, ina..." Ya ajiye robar a gefensa kamar mai ajiye ƙwai. "Uwarki ta ce mu je asibiti. Na ce direba ba ya makancewa."

Yanar ido ce ta rufe idanun biyu, in ji likitan ido, kuma irin wadda ake cirewa ce. Aka yi na dama, bayan sati shida aka yi na hagu. Duk zuwa asibitin da ta haya suka yi, don jar motar tana gareji. Shiru ya wanke hanyar man kaf, ya sauya sil da tiyo da duk wata roba da man birkin ya taɓa, ya dawo da ita da kansa ya ajiye a ƙofar gida, ya ba maƙwabci makulli, tunda an ce kada a ƙara jin ƙafarsa.

Baba bai kira shi ba. Ya dai aika Gwaggo gun dangin Shiru cewa su turo. Gwaggo ta tafi tana mita, ɗanta ya ce shi dama tausayi ne ya sa shi a maganar. Ba wanda ya gaya musu dalili, har aka sa rana. In Shiru ya zo gaisuwa, Baba sai ya amsa a gajarce ya shiga duba wani abu a ɗaki.

"Har yanzu fushi yake da ni?" Shiru ya rubuto.

"Kunya yake ji. Bai saba da ita ba, bai san inda ake ajiye ta ba."

"Ki ce masa ni ba na bin komai."

"Kai ma ka koyi bari a biya ka, Shiruna. Saura kwana tara."

"Takwas da rabi."

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar da hantsi. Mai faci ya rantse da kunnensa ya ji ango ya ce "na gode" sau goma sha ɗaya, mai walda ya ce a kai shi asibiti a duba.

Da yamma, da za a tafi da amarya, aka kawo su falo su yi sallama da Baba. Ɗakin a cike: Gwaggo, ɗanta, dangin ango, mutanen gareji a bakin ƙofa. Suka durƙusa. Baba, da sabon tabarau a fuska, ya ɗora hannu a kan Auta.

"Allah Ya yi miki albarka, Autata. Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai. Abin da uwarki ta yi mini, Allah Ya sa ki samu mai yi miki."

Aka shafa. Mutane suka fara miƙewa.

"Ku zauna," in ji Baba. "Ban gama ba."

Ya dafa hannun kujera ya sauko, gwiwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zauna a ƙasa daidai da angon. Gwaggo ta ce, "Yaya, lafiya?" Bai kula ta ba. Auta ta ji zuciyarta tana bugawa har cikin kunnuwanta.

"A ɗakin nan na ce ba ka iya aiki ba, a gaban waɗannan. To su ji. Motar nan ni na ɓata ta. Idona ya tafi na ɓoye, na dinga zuba man birki a sitiyari, saura ƙiris in kashe 'yata. Yaron nan ya sani, ya rufa mini asiri, ni kuma na kore shi kamar ɓarawo."

"Baba, don Allah ka tashi," in ji Shiru. "Ya wuce."

"Bai wuce ba sai na faɗa." Ya kama hannun angon da hannu biyu, wannan karon bai kuskure ba. "Shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa furta wa ɗan Adam wannan ba. Ɗana, na zalunce ka. Ka yafe mini."